Motar da Ba Ta Yi Firamare Ba

Ranar da ake rabon baki, mijina sau uku ya shiga layi. Sunansa Zakariyya'u, amma duk Makera da Zakari Jamus aka san shi. Kada ku ji sunan ku ɗauka ya taɓa hawa jirgin sama. Iyakar tafiyarsa Zariya, ita ma amai ya yi ta sheƙawa tun daga Mararrabar Jos. Wata shida ya taɓa yi yana tsaron wani shago da ake sayar da madubin mota na gwanjo ɗan Jamus, shi ke nan fa muka shiga uku. Komai aka ɗauko sai ya ce, "A Jamus ba haka muke yi ba." Ko tuwo na tuƙa sai na ji yadda matan Jamus ke tuƙa nasu. Sana'arsa ta gaskiya kuwa, caja da murfin waya yake sayarwa a kasuwar Kakuri.

Ni sunana Sumayya, malamar firamare ce, 'yan aji biyu nake koyarwa. Wannan aikin nawa shi ne abin tsokanarsa. Da na buɗe baki zan gyara masa magana sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, nan ba aji biyu ba ne."

Wata Talata da yamma ƙawata Rhoda ta biyo ni gida bayan an tashi. Makarantarmu ɗaya, shekara tara muna cin abinci a kwano ɗaya, ita a Unguwar Boro take zaune da mahaifinta, Baba Ezekiel. Muna zama ta buɗe jaka ta fito da wani abu naɗe a tawul. 'Yar mota ce ta ƙarfe, tsawonta kamar takalmin babban mutum, Fijo 504 sak, ƙofofinta na buɗewa, har da sitiyari a ciki. Shuɗiya ce amma launin ya koɗe. A lambar baya an rubuta haruffa biyu da ja, E da I, a ɗan karkace.

Rhoda ta ce, "Ta Baba ce. Kamfanin haɗa motocin da ya yi wa aiki ne suka ba shi tun kafin a haife ni, babu irinta ko a kasuwa. Ran Asabar za mu yi masa bikin cika shekara saba'in da biyar. So nake a mayar da ita sabuwa fil, ruwan azurfa mai ƙyalli irin na motocin yanzu, in ba shi mamaki. Satar ta na yi daga kabad ɗinsa. Kin san wani mai fenti mai hankali?"

Mai hankali fa ta ce. Ai kuwa sai ga marar shi ya ɗaga labule.

"Metalik kike nufi," in ji maigidan, ya zare motar daga hannunta ko sallama bai gama ba. "Anti Rhoda, Allah ya so ki. Da kin kai wa 'yan bakin titin nan da sun kashe ta. Wannan aikin Jamus ne. Ran Asabar Baba zai ga fuskarsa a jikinta, har ya gyara hula."

Na ƙifta wa Rhoda ido. Na yi tari. Na taka mata ƙafa sau biyu.

Ta ce, "Sumayya, wani abu ne ya faɗa miki a ido?"

Haka baiwar Allan nan ta tafi tana ta godiya, ta bar mana amanar mahaifinta a hannun mutumin da ko ƙofar banɗaki bai taɓa yi wa fenti ba.

Washegari da safe na kafe sai mun biya ta garejin Godwin kafin in wuce makaranta. Godwin mai fentin mota ne a bayan layinmu, mutum mai sanyin hali. Ya juya motar a hannu yana kaɗa kai.

Ya ce, "Oga Jamus, wannan aikin haƙuri yake so. Ka wanke ta tas, kada maiƙo ko ɗigo ya rage. Ka bi ta da sanfefa mai laushi. Ka rufe gilashi da taya da salatif. Sannan ka fara da firaima."

"Da me?"

"Firaima. Fentin farko ne, toka-toka, shi ke riƙe na sama."

Maigida ya ja da baya kamar an taka masa wutsiya. "Firamare? Ni? Godwin, dube ni da kyau. Mutumin da ya yi hulɗa da Jamus za ka mayar firamare?" Ya juyo kaina. "Ke kika kitsa masa ko?"

Na ce, "Baban Hafsat, firaima ya ce, ba firamare ba."

"Duk kanwar ja ce. Abin 'yan koyo ne. Mu daga jami'a muke farawa."

Godwin ya ce, "Oga, abeg, ko sabuwar mota daga kamfani sai ta sha firaima."

"Shi ya sa suke tsatsa."

Ya sayi gwangwanin feshi uku na ruwan azurfa a shagon da ke maƙale da garejin. Mun yi taku goma ya girgiza ɗaya, ya ji ƙwal-ƙwal a ciki, sai ya juya a fusace. Wai an cuce shi, an jefa tsakuwa a gwangwani don ya yi nauyi. Sai da Godwin ya rantse masa cewa ɗan ƙarfe ne da ake sawa don ya dama fentin, sannan ya ce ai ya sani, gwada su yake yi ya ga ko sun san aikinsu.

Da na dawo daga makaranta, tun daga zaure na ji dariyar matan gidan. Gidan haya muke, ɗaki shida, tsakar gida ɗaya. Zafin Afrilu ne, irin wanda ƙadangare ma ke neman inuwa. Ga mijina tsaye a rana tsaka da kwat biyu a jikinsa, ta aurenmu mai ruwan madara a ciki, da wata fara doguwa da ya aro wajen mai kemis a sama. Gumi har yana ɗiga daga haɓarsa.

Na ce, "Baban Hafsat, zazzaɓi ne?"

"Ƙa'ida nake bi." Ya miƙo mini gwangwanin. "Karanta nan. Two light coats. Kwat biyu masu haske. Baƙin kaya yana tsotse ƙyallin metalik."

"Ba kwat ta sawa suke nufi ba. Shafi biyu marasa kauri, wato ka fesa kaɗan, ka jira ya bushe, ka sake."

"Malama, nan ba aji biyu ba ne."

A nan idona ya kai kan motar. Ya kife turmin Inna Indo ya ɗora ta a kai, tana ta naso. Kusa da ita ga robar man kaɗena da aka aiko mini daga Bidda, an kwashe ta har gindi.

"Wayyo man kaɗena! Me ka yi da shi?"

Ya ce, "Godwin ya ce sanfefa. Mene ne sanfefa? Yashi ne a jikin takarda. Yaushe yashi ya taɓa kawo santsi? Santsi ke haifar santsi. Na mulke ta ciki da bai, yanzu fenti zai kwanta luf."

Inna Indo tsohuwa ce da ke ɗakin da ke kallon namu, kunun zaƙi take sayarwa, kuma tana da kaji da wani jan zakara da take ji da shi kamar jika. Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna, ta ce, "Ni dai turmina nake jira, amma bari in ga Jamus da idona."

Maigida ya ce kowa ya matsa baya, wannan ba kallon yara ba ne. Ya girgiza gwangwani, ya gyara tsayuwa, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya danna. Ashe bakin feshin shi yake kallo. Fuuu! Gemu, gashin baki, gira ɗaya, duk suka koma azurfa.

Inna Indo ta rissina ta ce, "Sannu da zuwa Baba. Ina ka baro mana Zakari?"

Ya tofar da yawu mai ƙyalli ya ce, "Gwaji ne. Ƙwararre ba ya fesa wa kayan mutane abin da bai gwada a jikinsa ba."

Ya juya bakin gwangwanin ya sake dannawa, daidai lokacin da iska ta kaɗo daga zaure. Feshin ya tsallake mota ya sauka kan jan zakaran nan da ya zo leƙen abin da ake yi. Zakara ya yi tsalle ya haye katanga yana walƙiya. Kajin suka dube shi sau ɗaya suka watse, ko wacce ta kama gabanta.

Inna Indo ta miƙe, dariya ta ƙare. "La'ilaha illallahu! Zakarana! Kai Zakari, wace irin gaba ce tsakaninka da takwaranka?"

"Inna, daraja na ƙara masa. Duk Kaduna babu zakara metalik sai naki."

"Daraja? Matansa sun guje shi kana ce mini daraja? In kajin nan suka daina ƙwai, kai za ka zauna ka saka mini!"

A karo na uku dai ya samu motar. Godwin ya ce a tsaya nesa kaɗan ana wucewa da hannu, shi kuwa ya manna bakin gwangwanin a rufinta ya danne kamar mai kashe kyankyaso. Bai rufe komai da salatif ba. Gilashi, taya, fitila, lambar nan mai jan rubutu, duk suka nutse. Fentin ya hau kan man kaɗe ya rasa wurin kamawa, sai ya tattare ya yi ido-ido, ya riƙa gangarowa ta ƙofofi yana ɗiga kan turmi.

Na ce, "Baban Hafsat, motar kuka take yi."

"Na farin ciki ne."

"Gilashin fa? Ta ina direba zai gani?"

"Tintak ne. Na manya."

Ran Alhamis na dawo na tarar Inna Indo ta ƙwace turminta, ya mayar da motar kan bokiti, ya ƙara mata shafi biyu don ya rufe idanun jiya. Ita kuma Inna ta surfa geronta, ta zo daidai saitin iska ta tsaya tana sheƙa. Wallahi ban ce da gangan ta yi ba, amma na ga tana gyara tsayuwa sau biyu. Dusa ta tashi ta lulluɓe ɗanyen fenti.

"Inna! Ba ki ga ana aiki ba?"

"Ni ma aikin nake yi, ɗan nan. A Makera haka muke yi."

Ya ruga ɗaki ya farke gefen matashin kai, ya ciro auduga zai goge dusar. Audugar ta ce ita ma nan za ta zauna. Kafin ya ankara mota ta yi gashi buzu-buzu, sai ka ce ɗan akuya. Wasu ƙudaje uku suka sauka duba lafiyarta, ba su sake tashi ba.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Rhoda ce, muryarta ba daɗi.

"Sumayya, na yi wauta. Baba ya gane motar ba ta nan. Ya birkice gidan kaf, tun jiya ko shayi ya ƙi sha. Ashe rubutun nan na lamba Mama ce ta yi shi da jan farcenta, E ɗin shi, I ɗin ita, Irene. Ya ce duk abin da ta bari da hannunta shi kaɗai ya rage masa. Ban taɓa sani ba wallahi. Don Allah ki ce wa Oga Zakari ya yi komai amma kada ya taɓa lambar."

Na dubi bokitin. Ko inda lambar take ba a ganewa. Mahaifiyar Rhoda shekara shida ke nan da rasuwa, ni na riƙe Rhoda ranar da aka kai ta makwanci. Na kasa faɗa mata gaskiya. Na ce, "To." Da na kashe wayar sai da na shiga ɗaki na yi kuka, don kunya da tausayin tsohon nan.

Na fito na ce, "Baban Hafsat, don girman Allah ka kai wa Godwin motar nan. Garin neman gira za mu rasa ido."

"In kai wa ɗan firamare aikin jami'a? Lamba tana nan a ciki, ba inda ta je. Ajiya na yi mata."

Ran Juma'a ya juye gwangwani na uku gaba ɗaya don ya binne gashin da ƙudajen. Ƙofofi suka manne, tayoyi suka daina juyawa, kusurwoyi suka ɓace. Abin ya kumbura ya koma kamar burodin da aka naɗe a takardar azurfa. Godwin ya leƙo ya gani, ya cire hula ya riƙe a ƙirji, ya juya ya koma garejinsa. Na yi niyyar sace ta in kai masa, sai na tarar maigida ya kulle ta a akwati ya zura makullin a aljihu, wai masu satar fasaha sun yi yawa a gari.

Asabar da hantsi na shirya tsaf cikin ankon biki, na nemi sabon mayafina sama da ƙasa. Sai ga shi ya fito daga ɗaki rungume da wani ƙunshi, gemu har yanzu da sauran azurfa duk da wankin kananzir ɗin da ya sha.

"Mayafina ne wannan?"

"Jamusawa in za su ƙaddamar da sabuwar mota lulluɓe ta suke yi."

"Ta ma bushe kuwa?"

"Ta waje ta bushe. Ta ciki kuma sirrin kamfani ne."

Na yafa tsohon gyale muka hau Keke. Daga Kakuri zuwa Unguwar Boro ba wata tafiya ba ce, amma a Sabo muka tarar da cunkoso, muka yi kusan awa rana na gasa mu. Ƙunshin yana kan cinyarsa. Can na ji wani wari da na sani. Na duba, man kaɗe ya narke ya tsattsafo ta mayafin, ya zana masa taswira a gaban wando.

Mai Keke ya leƙo ta madubi ya ce, "Oga, in ka matsu ne in tsaya."

"Tuƙa abinka. Injin ne ke zufa."

Mun tarar an kafa rumfa a ƙofar gida, kujerun roba reras, matan zumunta na coci suna ta waƙa suna kiɗa da tulunansu, ƙamshin shinkafa ya cika layin. Baba Ezekiel yana zaune a tsakiya cikin farar babbar riga, ya yi zuru, ko murmushi babu. A layin gaba wasu tsofaffi ne su bakwai, kowa da tabarau.

Na tambayi Rhoda su wane ne. Ta ce, "Abokan aikin Baba ne. Duk a sashen fenti suka yi ritaya. Baba ne shugabansu, shekara ashirin da takwas."

"Sashen me?"

"Fenti. Ban taɓa gaya miki ba?"

Na nemi kujera na zauna.

Da aka zo ba da kyaututtuka Rhoda ta karɓi makirfo ta durƙusa gaban mahaifinta. Ta ce, "Baba, ka yafe mini. Motarka ba ɓata ta yi ba, ni na ɗauka. Na kai an sake mata fenti."

Tsohon ya miƙe a hankali. "Fenti? Rhoda, wa ya ce a taɓa ta? Rubutun uwarki fa?"

Har masu tulu suka tsayar da kiɗa. Mai hankali a nan zai nemi hanyar gida. Nawa kuwa ya ɗora ƙunshin kan tebur kusa da kek, ya zare makirfo daga hannun Rhoda ya hura shi sau biyu.

"Jama'a, sunana Injiniya Zakariyya'u, wanda aka fi sani da Jamus. Baba, kwantar da hankalinka. Abin da za ku gani yanzu ba a taɓa yin sa a Arewa ba. Shafi tara na metalik. Ba sanfefa. Ba salatif. Kuma ina alfaharin gaya muku, motar nan ba ta yi firamare ba!"

Tsofaffin nan suka dubi juna. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo da ake kira Baba Jonathan, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Ɗana, ba firaima ka ce? Shafi tara?"

"Tara cif, Baba. Ku a zamaninku ilmin bai iso ba."

"To me ya riƙe fentin?"

"Ƙwarewa."

Ya kama gefen mayafin da yatsa biyu, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku da Turanci, ya fizge. Mayafi ya tashi sama. Tebur wayam, sai kek.

Wata mata ta ƙwala ihu, "Yesu! Mota ta ɓace!"

Ba ta ɓace ba. Tana can manne a jikin mayafina tana lilo. Maigida ya yi dariyar yaƙe ya ce wannan kashi na farko ne. Ya girgiza mayafin, ta ƙi. Ya sake girgizawa, ta ƙi. Ya taka gefe ɗaya da ƙafa, ya kama ɗayan da hannu biyu, ya kaɗa shi da iyakar ƙarfinsa kamar mai kakkaɓe tabarma.

Sai muka ji sulɓ! Fatar azurfar nan ta tsage ta ƙasa, motar ta sulɓe daga ciki kamar an matsa dafaffiyar gyaɗa, ta tashi sama ta tsallake kek, ta faɗa cikin babbar rigar Baba Ezekiel. Shi kuma maigida ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin kular zoɓo.

Ba wanda ya kula shi. Kowa Baba yake kallo. Tsohon ya ɗago motar da hannu biyu. Shuɗiya, yadda take tun asali, ko ɗigon azurfa babu a jikinta, sai ma sheƙi da take yi. Ya juya bayanta. E da I suna nan da jansu, a ɗan karkace. Ya sa babban yatsa ya shafa su a hankali, ya sake shafawa, hawaye suka gangaro masa. Rhoda ta rungume ƙafafunsa tana kuka, ni ma na saki nawa, wannan karon na daɗi.

Daga cikin kular zoɓo muka ji murya. "Abin da na shirya ke nan! A Jamus ana kiransa..."

Baba Ezekiel ya kai motar hanci ya shinshina. Ya ce, "Man kaɗe."

Baba Jonathan ya karɓa ya shinshina, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka ta bi layin tsofaffin nan bakwai, kowa ya shinshina sai ya kife da dariya. Suka karɓi mayafina suka shimfiɗa a tebur, ga fatar mota a manne, da gashinta da dusarta da ƙudajenta uku. Wani ya ce shekara talatin yana fenti bai taɓa ganin mota ta yi saɓa irin ta maciji ba. Wani ya roƙa a ba shi ya rataye a falo.

Baba Ezekiel ya share ido ya ce a tsamo masa injiniyan. Aka tsamo shi, wando ja sharkaf, gemu fari. Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, ka san abin da ya cece ni yau? Da ka wanke ta, ka goga sanfefa, ka sa firaima yadda ake yi, da fentin ya kama, da rubutun matata ya tafi har abada. Komai ka yi shi ba daidai ba, kuma ba ka tsallake ko ɗaya ba. Shekarata saba'in da biyar, yau na fara ganin jahilci ya yi rana. Allah ya yi maka albarka, amma don Allah kada ka ƙara."

Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi, musamman a wajen kada ka ƙara.

Kuna tsammanin ya ji kunya? Ya juyo ya same ni a cikin mutane, ya ɗaga gira ɗayar nan mai azurfa ya ce, "Malama, kin ji da kunnenki ko? Da na bi ta firamare da an yi asara."

Shekara goma sha ɗaya ina jiran ranar da zai yi gaskiya, ashe a cikin kular zoɓo za ta same shi.

Motar ta koma kabad ɗin Baba Ezekiel, ya sa mata kwaɗo, makullin yana rataye a wuyansa. Rhoda ta ce kullum da safe sai ya fito da ita ya shafa lambar kafin ya sha shayi. Mayafina yana falon Baba Jonathan. Zakaran Inna Indo sai da ya sake gashi kafin matansa suka dawo.

Labarin kuwa ya riga mu isa Makera. Yau in ka shigo layinmu ka tambayi Zakari Jamus, ba wanda zai gane wanda kake nufi. Ka ce Zakari Firamare, ko akuya za ta nuna maka ƙofarmu. In ya fara cika baki, ni ce yanzu nake ɗaga hannu in ce, "Baban Hafsat, yi a hankali. Ni aji biyu nake, kai ko rajista ba a yi maka ba."